Kwamfutata ta yi gum bayan na sauya mata SSD, Dummy Output kawai nake gani

Abban Fatima:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina fama, shi ya sa na kawo kukana nan. Tsohuwar laftof ɗin da nake aiki da ita allonta ya mutu, sai na samu wata mai Intel Core i5 zubi na 11. Maimakon in girka komai daga farko, na zare SSD ɗin tsohuwar, wato faifan ajiyarta, na sa a wannan. Linux ce a kai, nau'in Debian 12, da teburin Xfce. Ta tashi lafiya lau, intanet na aiki, fayilolina duk suna nan. Amma sauti ko ƙis. Lasifika shiru, iyafis shiru. In na buɗe wurin saita sauti ba na ganin komai sai Dummy Output. Ina koyar da ɗalibai ta intanet da yamma, jiya da shekaranjiya da waya na yi darasi, wuyana har ya ƙage. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.

Ɗan'auta:
Wa alaikumus salam Yaya. PulseAudio, manhajar da ke rarraba sauti, ita ce matsalarka, ta tsufa. Ka cire ta ka sa PipeWire, ni tun da na koma ban sake jin kaina ba.

sudo apt install pipewire-audio

Ka sake kunnawa, shi ke nan.

Maman Ikram:
Ɗan'auta, dakata tukuna. Malam, kar ka cire komai yanzu. Buɗe taminal ka rubuta waɗannan guda biyu, ka kwafo mana abin da suka fitar yadda yake:

aplay -l
cat /proc/asound/cards

Abban Fatima:
Na gode Hajiya. Na farkon ya ce no soundcards found. Na biyun ma haka, no soundcards, da 'yan layuka a gefe da gefe.

Maman Ikram:
To ka gani. Da ka bi maganar ƙanenmu da ka sauya abin da lafiyarsa ƙalau.

Sauti a Linux hawa-hawa ne. Can ƙasa akwai ALSA, tana cikin kanel, wato zuciyar tsarin, ita ke magana da guntun sautin da ke jikin bod kai tsaye. A samanta PulseAudio ko PipeWire suke zaune, aikinsu su karɓi sautin manhajoji daban-daban su haɗa su miƙa wa ALSA. Umarnin aplay -l ALSA yake tambaya, ba ruwansa da na sama. Tunda ita ma ta ce ba ta ga katin sauti ba, na sama ba su da inda za su zuba komai. Dummy Output ɗin da kake gani bututun bogi ne da PulseAudio ke ƙirƙira don kada manhajoji su faɗi idan sun nemi wurin fitar da sauti. PipeWire ma da ka sa ta irinsa za ta nuna maka.

Ɗan'auta:
Anti na ji. Amma akwai gajeriyar hanya da ta yi wa mutane da yawa aiki. Yaya, ƙirƙiri fayil a /etc/modprobe.d/ ka kira shi sauti.conf, ka sa wannan layin a ciki:

options snd-intel-dspcfg dsp_driver=1

Ka ajiye, ka sake kunna kwamfutar. Minti biyu ne.

Abban Fatima:
Alhamdu lillahi! Ɗan'auta Allah ya yi maka albarka. Na sa layin, na sake kunnawa, sai ga lasifika ta buɗe baki. Na kunna wani tsohon darasi da na naɗa, murya tar. Iyafis ma yana aiki.

Kawu Injiniya:
Ina tayaka murna, amma kafin ka rufe maganar, gwada makirufo. Ba na iyafis ba, na jikin laftof ɗin, ƙananan ramukan nan da ke kusa da kyamara. Ka zare iyafis ka rubuta:

arecord -f cd -d 5 gwaji.wav
aplay gwaji.wav

Ka yi magana na daƙiƙa biyar ɗin nan, ka gaya mana me ka ji.

Abban Fatima:
Kawu ya aka yi kuka sani? Ban ji komai ba. Na yi sallama har sau uku cikin na'urar, da na saurara shiru kawai. Na duba cikin pavucontrol, manhajar saita sauti, a sashen shigar da sauti sandar nan ba ta motsi ko kaɗan, ko na tafa hannu a gabanta. Kuma makirufo shi ne rabin aikina.

Kawu Injiniya:
Haka zai yi. Bari in yi bayani a tsanake, don wannan layin yana yawo sosai kuma mutane na sa shi ba tare da sanin abin da suka sayar ba.

A tsofaffin laftof, sauti duk ta hanya ɗaya yake bi. Akwai guntu guda, galibi na Realtek, lasifika da ramin iyafis da makirufo duk a jikinsa suke, kuma direba ɗaya mai suna snd_hda_intel ke tuƙa shi. Sababbin injinan Intel sun zo da ƙarin wani ɗan inji na sarrafa sauti, DSP, a cikinsu. Makirufon jikin irin waɗannan laftof ɗin na dijital ne, kuma wayarsa ba ta bi ta guntun Realtek ba, kai tsaye take shiga DSP. Shi kuma DSP ba ya tashi sai an loda masa nasa ɗan shirin duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Wannan shirin shi ne Sound Open Firmware, ana taƙaita shi SOF, Intel ta sanar da shi a 2018 a ƙarƙashin Linux Foundation.

Abin da dsp_driver=1 ke gaya wa kanel shi ne: manta da DSP, yi amfani da tsohon direba. Tsohon direba ya san hanyar lasifika da iyafis, shi ya sa suka dawo. Bai san hanyar makirufon dijital ba, shi ya sa ya ɓace. Ba a gyara komai ba, an dai kewaye ramin ne.

Yanzu ga abin da nake so. Goge fayil ɗin nan, ka sake kunnawa, ka bar sautin ya sake mutuwa. Sannan:

sudo dmesg | grep -i sof

Kanel ba ya yin shiru idan abu ya gagare shi, yana rubutawa. Mu karanta.

Ɗan'auta:
Kawu da girmanku, amma mutum yana da darasi yau da yamma, sauti ya dawo, ku ce ya sake kashe shi? Ai sai ya sa iyafis mai makirufo ya wuce wurin. Na iyafis yana aiki da tsohon direba, na tabbata.

Kawu Injiniya:
Gaskiyarka a kan wannan, na iyafis zai yi aiki tunda ta ramin guntun Realtek yake shiga. Da a ce saura minti goma darasi ya fara, ni da kaina zan ce ya bar layinka ya sa iyafis. Amma yanzu hantsi ne. Kuma abin da nake gudu shi ne fayil ɗin ya zauna a wurin shekara biyu, ya manta da shi, wata rana ya sabunta tsarin ko ya girka abin da ya dace, makirufo ya ƙi aiki, ya rasa dalili. Na taɓa kwana biyu a kan wata laftof ina neman abin da ya hana makirufo aiki, ashe wani layi ne irin wannan da mai ita ya sa tun da daɗewa, shi kansa bai tuna ba.

Abban Fatima:
Na goge, na sake kunnawa, Dummy Output ya dawo. Ga layin da ya fi ɗaukar hankalina cikin abin da ya fito:

Direct firmware load for intel/sof/sof-tgl.ri failed with error -2

Maman Ikram:
Madalla, ga ɓarawon nan a hannu. Lambar -2 a Linux ma'anarta ba a samu fayil ɗin ba. Ba lalacewa ya yi ba, babu shi ne kwata-kwata. Shi kuma tgl ɗin Tiger Lake ke nan, sunan zubi na 11 na laftof. Kanel ya gane injinka daidai, ya je ɗauko shirin DSP a /lib/firmware, ya tarar da wurin wayam. Dalili a fili yake: tsohuwar laftof ɗinka ba ta buƙatarsa, don haka ba a taɓa girka shi a SSD ɗin ba.

sudo apt install firmware-sof-signed alsa-ucm-conf

Abban Fatima:
Hajiya ya ƙi. Na biyun ya ce akwai shi tuni, na farkon kuma apt ya ce bai samu ƙunshi mai wannan sunan da zai girka ba. Na duba rubutun harafi-harafi, daidai yake.

Maman Ikram:
Tambaya ɗaya: Debian 12 ɗin nan sabuwa ka girka, ko daga 11 ka ɗaga ta?

Abban Fatima:
Daga 11 na ɗaga. Na sauya bullseye (sunan 11) zuwa bookworm (sunan 12) a sources.list, fayil ɗin da ke nuna wa apt inda zai ɗauko manhajoji, kamar yadda aka saba.

Maman Ikram:
To shi ke nan, an zo wurin. A watan Oktoba na 2022 masu haɓaka Debian suka kaɗa ƙuri'a aka amince a riƙa sa irin waɗannan ƙananan shirye-shiryen na'urori a cikin faifan girkawa na hukuma. Da Debian 12 ta fito ranar 10 ga Yuni 2023, an ware musu sashe nasu mai suna non-free-firmware, an kwashe su daga non-free. Wanda ya girka sabuwa, mai girkawar zai duba injinsa ya sa masa abin da yake buƙata. Wanda ya ɗaga daga 11 kuwa sai ya ƙara sunan sashen da hannunsa. Buɗe /etc/apt/sources.list, layinka ya koma kamar haka:

deb http://deb.debian.org/debian bookworm main contrib non-free non-free-firmware

Ka ƙara kalmar a ƙarshen sauran layukan ma, na tsaro da na sabuntawa. Sai sudo apt update, sannan ka sake umarnin ɗazu. Tunda kana wurin ka yi sudo apt upgrade, don ina kyautata zaton shirin katin intanet ɗinka ma na zamanin 11 ne yake zaune bai taɓa sabuntuwa ba.

Kawu Injiniya:
Ƙari kaɗan. Ka tabbata sauti.conf ya tafi da gaske, ka duba da ls /etc/modprobe.d/ da idonka. Sannan ka yi sudo update-initramfs -u kafin ka sake kunnawa, saboda ana kwafar fayilolin wannan jakar zuwa cikin ɗan tsarin da ke fara tashi kafin babban. Ba kullum yake zama dole ba, amma ba ya cin komai.

Abban Fatima:
An girka. Na sake kunnawa. Yanzu aplay -l yana nuna kati mai suna sof-hda-dsp da na'urori da dama a ƙarƙashinsa, har da HDMI guda uku. Dummy Output ya ɓace. Amma wallahi har yanzu ban ji komai ba, gabana ya fara faɗuwa.

Maman Ikram:
Kwantar da hankalinka Malam, mai wuyar ta wuce. Yanzu ne muka hau bene na sama. Buɗe pavucontrol, ka kunna wani abu mai sauti, ka duba shafin farko: ina ake tura shi? In ka ga HDMI, mayar da shi Speaker. In kuma a Speaker yake, shiga alsamixer, mai saita sautin ALSA a taminal, danna F6 ka zaɓi katin, ka duba ƙasan sandunan Master da Speaker. MM na nufin an toshe, OO na nufin a buɗe yake. Harafin M ke sauyawa.

Abban Fatima:
HDMI ne! Sandar tana ta rawa a can, ba kowa a gidan. Na mayar Speaker. Na yi speaker-test -c 2 -t wav da na gani a wani wuri, sai muryar wata mata ta fito daga hagu, ta sake fitowa daga dama. Na maimaita gwajin Kawu na daƙiƙa biyar, na ji sallamata da kunnena, har da ƙarar fankar da ke bayana. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, har da kai Ɗan'auta, don layinka ne ya fara nuna min lasifikar ba ta ƙone ba.

Ɗan'auta:
Amin Yaya. Na karɓi gyara a kan makirufo, ban san ta DSP yake bi ba. Amma ina nan kan bakana game da PipeWire. Fedora ta koma kanta tun fitowa ta 34 a 2021, Ubuntu ta bi a 22.10, Debian 12 ɗin kanta in da teburin GNOME ka girka PipeWire za ta ba ka. Ba haka kawai duk suka juya ba. Ga mai koyarwa da ke haɗa makirufo da bidiyo da iyafis na Bluetooth, ta fi sauƙin sha'ani.

Kawu Injiniya:
Ban musa ba, ni ma ita nake amfani da ita. Wim Taymans, wanda ya ƙirƙiro ta, ya yi aiki mai kyau, ya haɗa abin da a da sai ka sa PulseAudio da JACK, ta masu aikin sutudiyo, ka yi ta sulhunta su. Abin da na ƙi shi ne a sauya ta a tsakiyar neman cuta. In ka taɓa abu biyu lokaci guda sauti ya dawo, ba ka san wanne ya yi aiki ba. In bai dawo ba, yanzu wurare biyu kake zargi maimakon ɗaya. Irin wannan saurin ɗora laifi ba yau aka fara ba. Lokacin da Ubuntu 8.04 ta fito da PulseAudio a 2008, duk abin da ya samu sauti ita ake zagi, alhali sau da yawa direbobin ƙasa ne ke da rauni, ita dai ta tono su ne.

Abban Fatima, ka yi darasinka na yau da abin da ke aiki. In ka samu ranar da ba ka da aji, ka gwada PipeWire a natse.

Ɗaliba Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo tsakiyar zance. Tawa ta ɗan bambanta. Ubuntu nake da ita tare da Windows a laftof ɗaya. Katin sauti yana fitowa a aplay -l, ba Dummy Output. Wani lokaci lasifika na aiki, wani lokaci shiru, amma iyafis kullum yana aiki. Na duba alsamixer ba MM ko ɗaya. Na rasa gane kansa, kamar mai aljanu.

Maman Ikram:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki tuna da kyau: ranakun da take shiru, daga ina kika shigo Ubuntu? Daga Windows kika sake kunnawa kika zaɓe ta, ko kwamfutar a kashe take tun dare?

Ɗaliba Mai Neman Sani:
Anti ban taɓa lura ba. Bari in gwada duka biyun.

Na dawo. Na shiga Windows, na sake kunnawa zuwa Ubuntu: shiru. Daga Ubuntu na kashe ta gaba ɗaya, na ƙirga talatin, na kunna: tana magana. Na maimaita sau biyu, haka ne.

Maman Ikram:
To ba aljanu ba ne. Guntun sauti yana da 'yan saituttuka a cikinsa da ba sa gogewa sai wuta ta yanke masa. Kowane tsari da yadda direbansa ke saita su. In kika sake kunnawa kawai, wuta ba ta yanke ba, Linux sai ta tarar da guntun a yanayin da ba ta zata ba. Ba laifin wani ɓangare ba ne, kowa ya ɗauka shi kaɗai ne a gidan.

Abu biyu za ki yi. In za ki bar Windows zuwa Ubuntu, ki kashe gaba ɗaya maimakon sake kunnawa. Sannan ki cire alamar Fast Startup a saitin wutar Windows. Tun Windows 8 yake nan, aikinsa idan kin ce a kashe sai ya ajiye kanel ɗinsa a faifai don tashi da sauri, wato kashewar ba cikakkiya ba ce. Ga mai tsari biyu cire shi ya fi, ko don lafiyar fayilolin da kike buɗewa daga ɓangarorin biyu.

Baban Sadiq:
Tunda ana rabon alheri, ga tawa. Iyafis lafiya, lasifika shiru ko da yaushe, ba wani lokaci ba. Linux kaɗai ce a kai, ba Windows. Laftof ɗin sabuwa ce fil, ta bara. Na bi duk abin da kuka faɗa a sama: kati yana nan, SOF ya loda ba kuskure, ba MM, ba HDMI. Na kashe Auto-Mute Mode a alsamixer ma, ba canji.

Kawu Injiniya:
Taka ta fi tauri, kuma ba na so in yi maka alkawarin da ba zan cika ba. Yawancin sababbin laftof sirara suna da ƙarin guntun ƙarfafa sauti tsakanin babban guntun da lasifika, irin su CS35L41 na Cirrus Logic ko TAS2781 na Texas Instruments. Iyafis ba ya bi ta kansu, shi ya sa yake aiki. Su kuwa sai kanel ya san suna nan, ya tashe su, ya loda musu nasu shirin. Kanel yana riƙe da dogon jeri na laftof iri-iri, kowace da lambar shaidarta da irin kulawar da take buƙata. In taka ba ta shiga jerin ba a kanel ɗin da kake kai, lasifika za ta yi shiru komai ka danna.

Kada ka taɓa tsarinka tukuna. Ka sa sabuwar Fedora a filashi, ka tashi kwamfutar daga kanta ba tare da girkawa ba, tunda kanel ɗinta kan kasance sabo. In lasifika ta yi magana a can, mun san sabon kanel da sabon linux-firmware kake buƙata. In ta yi shiru a can ma, sai mu shirya rahoto ga masu kula da ALSA. Kuma ina roƙonka, kar ka kwafi umarnin hda-verb da aka rubuta don wata laftof daban ka zuba a taka. Kai tsaye yake rubutu cikin guntun, kuma lambobin kowane inji daban ne.

Turo min waɗannan:

uname -r
sudo dmesg | grep -i -E "cs35|tas27|snd"
alsa-info --no-upload

Na ƙarshen zai ajiye dogon fayil ya gaya maka inda yake. Layin Subsystem Id nake nema a ciki.

Baban Sadiq:
To Kawu. Filashin da ke hannuna ƙarami ne, sai na kwashe abin da ke ciki tukuna. Zan turo sakamakon uname da dmesg yanzu, na Fedora kuma zuwa dare in sha Allah.

Abban Fatima:
Na gama darasi yanzun nan, awa ɗaya da rabi, ba iyafis ba waya, ɗalibai sun ce suna jina sarai. Baban Sadiq, in ka zo yin filashin ka duba girman fayil ɗin da ka sauke kafin ka rubuta shi, in bai sauka duka ba ba zai tashi ba. Ina nan zuwa dare, ina son ganin abin da dmesg ɗinka zai ce.